Shagon Da Ba Shi Da Ƙofa: Ɗabi'un Aiki Ga Mai Neman Abinci A Intanet

Gabatarwa

A da, idan aka ce wane ɗan kasuwa ne, tambayar da ke biyo baya ita ce, ina rumfarsa take? A Kantin Kwari ne, ko a Kurmi, ko kuwa a Sabon Gari? Haka nan idan aka ce wane marubuci ne, sai a tambaya wace jarida yake yi wa aiki, ko wane kamfani ne ya buga masa littafi. Yau al'amari ya sake. Akwai mutane da yawa a garuruwanmu waɗanda ba su da rumfa, ba su da tebur, ba su da ofis, amma kullum suna ciniki, suna samun abin sakawa a bakin salati. Shagonsu yana cikin aljihunsu, watau wayar hannu.

Wannan abu bai daɗe ba. A shekarar 2001 ne wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya. An kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, Instagram kuma a 2010. A 2012 aka buɗe Jumia da Konga, manyan shagunan intanet na ƙasar nan. Mu ɗaliban yanzu mun tashi mun tarar da waɗannan abubuwa, shi ya sa da yawa daga cikinmu ke ganin neman kuɗi ta wannan hanya abu ne mai sauƙi, da zarar mutum ya mallaki waya mai kyau da data, shi ke nan kakarsa ta yanke saƙa.

Manufar wannan rubutu ita ce a bayyana abin da wannan sana'a take bukata daga halin mutum da kuma yadda yake tafiyar da aikinsa. Batun ya shafe mu ƙwarai, domin ba kowa ne zai sami aikin gwamnati ko na kamfani ba idan muka bar makaranta. Wasunmu iyayensu za su tattara ɗan abin da suke da shi su ba su jari, wasu kuma kuɗin adashen uwa ne za a danƙa musu. Irin wannan kuɗi idan ya salwanta, da wuya a sake samun wani.

Su Wane Ne Masu Wannan Sana'a?

Za a iya kasa su kashi uku. Kashi na farko masu sayar da kaya ne, kamar atamfa da leshi da takalma da turaren wuta da kayan kicin. Sukan ɗauki hoton kaya su ɗora a WhatsApp ko Instagram, mai so ya turo kuɗi ta banki, a kai masa kayansa gida ko a sa masa a mota. Kashi na biyu masu sayar da gwaninta ne, kamar masu zanen katin biki da tambarin kamfani, da masu fassara, da masu haɗa manhaja, da masu koyar da darasi daga nesa. Kashi na uku su ne masu rubutu da masu shirya bidiyo, waɗanda ke tara masu karatu ko masu kallo, sa'an nan su sami kuɗi ta hanyar talla ko ta sayar da littattafansu.

Ko da yake sana'o'in nan sun bambanta, akwai abu guda da ya haɗa su. Dukansu ba su da mai gida a kansu. Mu duba yadda makaranta take tafiyar da mu. Akwai ƙararrawa mai gaya mana lokacin shiga aji da lokacin tashi. Akwai rajista da ake kira kowace safiya. Akwai jarrabawa da ke auna mu a ƙarshen zango, ga kuma malamin horo ga wanda ya kauce. Ma'aikacin ofis shi ma yana da irin waɗannan. Ko ɗan kasuwa mai rumfa yana da ƙofa da yake buɗewa da safe ya rufe da yamma, kuma maƙwabtansa suna ganin ranar da ya makara. Shi kuwa mai sana'a a intanet ba shi da ko ɗaya. Idan ya yi barci har azahar ba mai tambayarsa. Saboda haka tilas ne ya zama shi ne yaron shago, shi ne kuma mai gida. Sauran bayanin da zai biyo baya duk a kan wannan ya dogara.

Ƙararrawar Kai

Abu na farko shi ne tsare lokaci. Wahalar da ke nan ita ce, wayar da mutum yake aiki da ita, ita ce kuma wurin hirarsa da wasansa. Ka ɗauka an kafa wa tela kekensa a tsakiyar gidan kallo, aka ce ya ɗinka kayan salla. Haka mai aiki da waya yake. Ya buɗe ta domin ya amsa wa mai ciniki, sai ya ga wani bidiyo na ban dariya, daga nan sai wani, kafin ya farga an kira la'asar. Wannan kuwa da gangan aka tsara shi, domin kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali daga talla suke samun kuɗinsu, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon tallan da za a nuna masa.

Wani Baturen Ingila, C. Northcote Parkinson, ya yi wani rubutu a 1955 inda ya nuna cewa aiki yakan miƙe ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Kowane ɗalibi ya san gaskiyar wannan. Aikin gida da aka ba mu mako biyu mu yi, galibi a daren ƙarshe muke yin sa, kuma cikin awa guda muke gamawa. To, wanda ba a yanka masa lokaci ba sam, aikin awa biyu sai ya kai shi wata guda. Maganin abin shi ne mutum ya yanka wa kansa.

Ga yadda masu tsari suke yi. Tun da dare sukan rubuta ayyuka uku mafi muhimmanci na gobe a takarda. An fi son takarda a kan waya, don kada garin duba jerin aiki a faɗa hira. Da safe sukan fara da aikin da ya fi nauyi, kamar rubutu ko zane ko ɗaukar hoton kaya, tun ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba. Amsa saƙonni kuwa sukan ware masa lokuta, alal misali da hantsi, da bayan azahar, da bayan isha'i, su kuma sanar da abokan cinikinsu haka. Mai saye bai damu da a amsa masa cikin minti ɗaya ba muddin ya san lokacin da za a amsa, kuma aka cika.

Akwai wata dabara da wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da karatu ya gagare shi. Ya ɗauki ɗan agogon kicin mai siffar tumatir yana auna lokacinsa da shi, shi ya sa ake kiran dabarar Pomodoro, watau tumatir da harshensu. Mutum zai yi aiki minti 25 ba tare da ya taɓa komai ba, ya huta minti 5, ya koma. Idan ya yi haka sau huɗu sai ya yi hutu mai ɗan tsawo. Ba lalle sai minti 25 ba, abin nufi dai a sami farko da ƙarshe, kamar yadda darasi yake da su a aji.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin lura, watau wuta da sabis. Mai hankali yakan san lokacin da aka fi kawo wuta a unguwarsu da lokacin da sabis ya fi ƙarfi, ya ajiye aikin da ke bukatar su zuwa wannan lokaci. Idan an ɗauke wuta sai ya koma ga wanda ba ya bukatar caji, kamar lissafi da ƙunshe kaya da tsara rubutu a takarda.

Rajistar Kullum

Abu na biyu shi ne ɗorewa. Mutane da yawa sukan fara da zafi, su ɗora kaya ko rubutu sau goma a rana, bayan mako uku kuma a neme su a rasa. Dalili shi ne sun sa ran samun kuɗi nan da nan, da ba su gani ba sai gwiwarsu ta yi sanyi.

Bari mu yi lissafi da YouTube. A 2018 kamfanin ya sa sharaɗi cewa kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000, an kuma kalli bidiyonsa na tsawon awa 4,000 cikin wata goma sha biyu. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo yana tsayawa minti huɗu, sai an kalla sau 60,000 kafin a cika sharaɗin. Wanda ya yi bidiyo biyar ya zauna jiran kuɗi bai fahimci abin da ya shiga ba.

Ko manyan da ake ba da labarinsu ba su sami abin da wuri ba. Jeff Bezos ya kafa Amazon a 1994 a garejin gidan da yake haya a Amurka, ya fara sayar da littattafai a 1995, amma sai a 2003 kamfanin ya fara kammala shekara guda cur da riba. Jack Ma malamin Turanci ne a birnin Hangzhou na ƙasar Sin kafin shi da abokansa su kafa Alibaba a ɗakinsa a 1999. A nan gida, Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a 2015, sai a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200. Mu labarin ranar sayarwa muke ji, shekaru biyar na aiki kuwa ba mai ba mu labarinsu.

Saboda haka gara mutum ya ɗauki abin da zai iya riƙewa. Idan rubutu ɗaya a mako yake iyawa, to ya tsaya a kan ɗaya, ya sa masa rana, kada ya saɓa. Masu karatu da masu saye kamar masu zuwa kasuwar ƙauye ne. Suna zuwa ne domin sun san ranar da take ci. Kasuwar da ke ci yau Talata, gobe Asabar, jibi ba ta ci ba, ba da daɗewa ba za ta watse. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Littafin Lissafi

Abu na uku, wanda ya fi kashe ƙananan 'yan kasuwa, shi ne rashin rubuta shiga da fita. Da yake kuɗin yana shigowa ne cikin asusun da mutum yake sayen katinsa da abincinsa, sai ya riƙa ganin kuɗi a waya yana zaton nasa ne, alhali uwar kuɗi yake ci.

Mu ɗauki misali. A ce wata yarinya tana saro atamfa a kan naira 12,000 turmi, tana sayarwa 15,000. A ganinta ribarta 3,000 ce, idan ta sayar da turmi goma ta ci 30,000. Amma mu duba abin da kowane turmi yake ci kafin ya isa hannun mai shi. Kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa 800, leda da ƙunshi 200, ɗan aike zuwa tasha 500, rabonsa na kuɗin data 400, cajin banki 100. Jimla 2,000 ke nan. Ashe ribar gaskiya 1,000 ce. To, a ce cikin mutum goma ɗaya ta karɓi kaya bashi ta ƙi biya. Yarinyar ta kashe 140,000, abin da ya dawo hannunta 135,000 ne. Ta yi faɗuwar 5,000 a cinikin da take murnar ta ci 30,000. Idan ba ta rubutawa, ba za ta gane ba sai ranar da ta je sari ta ga kuɗin turmi bakwai kaɗai ke hannunta.

Maganin wannan ba ya bukatar kwamfuta. Littafin rubutu irin na makaranta ya isa. A ja layi, gefe ɗaya abin da ya shigo, gefe ɗaya abin da ya fita, kowanne da kwanan wata, komai ƙanƙantarsa. A buɗe wa sana'a asusunta dabam. Mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, kada ya wuce shi ko da biki ya taso. A ƙarshen kowane mako ya zauna ya haɗa lissafi, wannan ita ce jarrabawarsa. Idan sana'a ta ɗan tasa, sai a yi wa sunanta rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, domin da takardar ne banki zai buɗe asusu da sunan sana'ar.

Marubuci da mai bidiyo su ma suna da nasu lissafin. Yawan mabiya ba shi ne ciniki ba. Mutum yana iya tara mabiya dubu hamsin a kan barkwanci, ranar da ya fito da littafi mutum ashirin su saya. Abin da ya kamata ya riƙa ƙirgawa shi ne mutum nawa suka saya, kuma nawa daga cikinsu suka dawo suka sake saye.

Amana Ita Ce Jari

Abu na huɗu shi ne amana. A kasuwa mai saye yakan taɓa kaya, ya ɗaga shi a rana, ya taya, sa'an nan ya biya. A intanet kuwa yakan tura kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, a kan kayan da hotonsu kaɗai ya gani. Ke nan abin da ya saya da farko shi ne maganar mai kaya.

Ciniki daga nesa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fatakenmu na da sun yi ta safarar goro daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, zuwa Kano, tafiyar watanni a ƙasa. A kowane zango akwai mai masauki wanda zai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan an ba da bashi. Ba banki ba ɗan sanda, sunan mutum ne jinginarsa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, a wannan fatauci na goro ya taso kafin ya shiga cinikin gyaɗa ya zama babban attajiri. Abin da ya sake a yau shi ne saurin tafiyar labari. Da sai ayari ya iso ake jin wane ya ci amana, yanzu kuwa hoton hirarka da wanda ka cuta zai zaga gari kafin magariba.

Riƙon amana a wannan sana'a yana da alamomi sanannu. A ɗauki hoton kayan da ke hannu a hasken rana, kada a ɗauko na wani ko a ƙara masa launi. Idan akwai aibi a faɗa tun kafin a biya. A faɗi ranar da kaya za su isa da gaskiya, gara a ce Alhamis su isa Laraba da a ce Litinin su isa Laraba. Idan an sami matsala a hanya, mai kaya ya riga mai saye kira. Kada a taɓa kuɗin wani a yi wata hidima da niyyar za a mayar. Marubuci kuma kada ya kwashi rubutun wani ya sa sunansa, kada ya yaɗa labarin da bai tabbatar ba don neman masu karatu, kuma idan an biya shi ya yabi wani kaya, ya gaya wa mutane cewa talla ce.

Shi ma mai sayarwa sai ya tsare kansa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka ƙara komawa ga biya ta waya, mazambata kuma suka ƙara ƙaimi wajen tura saƙon banki na jabu. Kada a saki kaya don an ga saƙo ko hoton rasit. A buɗe asusu a ga kuɗin sun zauna tukuna.

Rumfar Aro

Abu na biyar shi ne mutum ya san cewa dandalin da yake ciniki a kai ba nasa ba ne. Aro aka ba shi, kuma kayan aro ba ya ado. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duk duniya na kusan awa shida. A Nijeriya gwamnati ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga Yuni 2021 har zuwa Janairu 2022. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. A ƙarshen Nuwamba 2023 OkadaBooks, inda marubuta da yawa har da na Hausa suke sayar da littattafansu, ya rufe. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wahalar sabis. Ban da waɗannan, kullum ana sace wa mutane shafukansu ko a rufe su.

Duk wanda ya zuba ƙwansa a kwando ɗaya a irin waɗannan ranaku ya ji jiki. Saboda haka mai tsari yakan rubuta sunaye da lambobin abokan cinikinsa, da izininsu, a wani wuri dabam. Yakan ajiye kwafin rubutunsa da hotunansa a wuri biyu. Yakan riƙe dandali fiye da ɗaya. Yakan sa wa shafinsa makulli na biyu, watau lambar sirri da ake tambaya bayan ta farko, kuma ba ya ba kowa lambar da aka turo masa ta waya, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Yakan kuma ware wani abu daga riba domin ranar da waya za ta faɗa ruwa, gama ita ce shagon.

Ƙaro Ilimi Da Karɓar Gyara

Abu na shida shi ne ci gaban mutum shi kansa. Sana'a ba ta wuce mai ita. Wanda yake rubutu da kurakurai, ko yake ɗaukar hoto a duhu, ko bai iya magana da mutane ba, nan zai tsaya ko da ya shekara goma. Ya kamata a ware ko da rabin awa ne kullum domin koyon abu guda, a kuma gwada shi a aiki kafin a wuce zuwa wani. Darussa kyauta suna nan birjik a intanet. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin koya wa matasa sana'o'in kwamfuta. Sai dai a yi hattara da masu sayar da darasin yadda ake yin kuɗi cikin mako guda, domin galibinsu kuɗin darasin ne kaɗai sana'arsu.

Kada kuma a raina ilimin da ke kusa. Tsohon ɗan kasuwa da ya shekara talatin a rumfa ya san yadda ake gane mai cin bashi, da lokacin da kaya ke tashi da lokacin da suke faɗuwa, ko da bai iya taɓa waya ba. Zama da irinsa na yini ɗaya ya fi kallon bidiyo ashirin.

Gyara kuwa iri biyu ne. Akwai wanda zai ce maka ɗinkin jakarka ya warware bayan mako guda. Wannan ya taimake ka, ko da da faɗa ya faɗa, sai ka gode masa ka gyara. Akwai kuma wanda zagi kawai ya kawo shi. Wannan a bar shi da halinsa, domin cacar baki a bainar jama'a mai shago take zubar wa daraja. Haka nan a guji auna kai da abin da wasu ke nunawa. Kowa ranar cinikinsa yake ɗorawa, ba mai ɗora hoton kayan da suka yi masa kwantai.

Jiki Da Zuciya

Shagon da ba shi da ƙofa ba ya rufuwa da kansa, sai mai shi ya rufe. Masana lafiya sun ce baligi yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, matashi ɗan sakandare kuwa takwas zuwa goma. Wanda ke amsa saƙo har ƙarfe biyu na dare, gobe shi ne zai tura wa wani kayan wani. A sa lokacin ajiye waya, a huta da ido, a motsa jiki, a zauna da iyali a je zumunci.

Sai kuma kwaɗayi, wanda aka ce mabuɗin wahala ne. Mutane da yawa a ƙasar nan sun zuba kuɗinsu a MMM da ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kuma rufe asusun mutane a Disamba 2016. A Afrilu 2025 aka sake ganin irin haka da CBEX. Duk harkar da ba a iya gaya maka abin da ake sayarwa da wanda yake saye, sai dai a ce ka kawo kuɗi ka kawo mutane, to ka yi nesa da ita. Zambar intanet kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar 2015 ta laifuffukan intanet, kuma ƙarshenta gidan yari da zubar da sunan gida.

Kammalawa

Wani zai ce, to mu da muke makaranta, ba mu da jari, wasunmu ma ba a yarda mu riƙe waya ba, ina ruwanmu da wannan? Amsa ita ce, duk abubuwan da aka lissafa a nan ba wanda sai da waya ake koyonsa. Ɗalibin da ke zuwa aji kafin ƙararrawa, yake karatun dare ko malami ba ya nan, yake rubuta yadda ya kashe kuɗin makarantarsa, yake mayar da littafin da ya ara a ranar da ya ce, ya riga ya fara koyon sana'ar. Darasin Lissafi shi ne littafin shiga da fita na gobe. Darasin Hausa da na Turanci su ne za su rubuta talla su amsa wa mai ciniki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar da za mu bar makaranta, ƙararrawa da rajista da jarrabawa duk a nan za mu bar su ga na bayanmu. Waya kowa zai iya saye ko a saya masa. Abin da zai raba wanda jarinsa zai haɓaka da wanda nasa zai narke shi ne ko ya iya yi wa kansa abin da makaranta take yi masa a yanzu. Saboda haka ya kamata kowannenmu ya zaɓi ɗabi'a guda daga cikin waɗannan ya fara aiki da ita tun wannan zango. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, amin.